Tsohon talabijin ya ƙi aiki: abin da za a duba a gida, da abin da za a bar wa mai gyara

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau bayaninmu a kan tsohon talabijin ne, irin mai ƙaton baya da gilashi mai nauyi. Talabijin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun shekarar 1964 aka fara koyar da yara karatu da shi a Nijar. Daga baya aka kai akwatunan kallon jama'a cikin ƙauyuka, masu aiki da hasken rana. Yanzu sababbi marasa kauri sun cika kasuwa, amma har gobe akwai gidajen da tsohon akwati ne ke kawo musu labaru da bayanin ruwan sama da na kiwon lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da akwatin ya ƙi aiki, mai gida kan yi ɗayan kuskure biyu. Wani ya ɗora shi bisa babur ko amalanke zuwa birni, ya kashe kuɗin hanya da na gyara, alhali waya ɗaya ce ta saki. Wani kuma ya ɗauko abin kwance ƙusa ya buɗe bayan akwatin, ya sa ransa cikin hatsari. Duka biyun ba daidai ba ne.

Ku ɗauki akwatin kamar marar lafiya. Akwai abin da ake yi masa a gida, akwai abin da sai likita. Iyakar a fili take: duk abin da ke wajen akwati naku ne, duk abin da ke cikinsa na mai gyara ne.

Me ya sa ba a buɗe bayan akwati?

Wutar da ke shigowa gidajenmu ƙarfinta bolt 220 ne, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe mutum. To, a cikin talabijin mai launi akwai wani sashe da ke ɗaga ƙarfin wutar har ya kai bolt 20,000 zuwa 30,000, domin gilashin ya yi haske. Ko ƙaramin akwati mai baƙi da fari, wanda ke aiki da batirin mota, yana ɗaga wutarsa ta kai bolt 10,000 ko fiye. Kada wani ya ce ai na batir ne, ba ya cutarwa.

Abu na biyu, wutar ba ta ƙarewa don an kashe akwati. Gilashin da wasu kayan ciki suna riƙe ta kamar yadda randa ke riƙe ruwa. Ana iya zare waya daga bango yau, gobe mutum ya sa hannu wutar ta make shi. Mai gyara ya koyi yadda ake zubar da ita kafin ya taɓa komi.

Abu na uku, an zuƙe iskar da ke cikin gilashin tun a ma'aikata. Wuyansa na baya siriri ne, ba ya jure bugu. In gilashin ya fashe, gutsattsarinsa na iya tarwatsewa su shiga ido.

Yanzu ga abubuwan da za ku duba da kanku. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya: wuta, sannan waya, sannan eriya, sannan maɓallai. Kada ku taɓa abu biyu a lokaci guda, don ku san wanda ya kawo gyaran.

1. Akwati ya mutu gaba ɗaya: ba hoto, ba murya, ba ƴar fitila

Ku fara da wurin jona wuta na bango, wanda ake kira piriz. Ku jona rediyo ko cajar wayar hannu a wurin. In su ma ba su kama ba, laifin ba na talabijin ba ne, wutar ce ba ta zuwa.

In wurin yana da wuta, ku zare wayar akwatin, ku bi ta da ido daga kai har gindi. Kusu kan ci waya, ƙafar gado ko ƙofa kan datse ta. Ku duba kan wayar: in ƙarfensa ya yi baƙi ko robarsa ta narke, sai a sake sabo. Wayar da ta huje ba a ɗaure ta da leda.

Tsofaffin akwatuna da yawa suna da babban maɓalli a gaba. In yara sun danna shi, rimot ba zai tada akwatin ba, komi dannawa.

Akwai wani ɗan abu mai suna fis, wasu na cewa fizibil. Siririyar waya ce cikin ɗan gilashi. Aikinta ta tsinke in wuta ta wuce ƙima, don akwatin ya tsira. A yawancin akwatuna fis yana ciki, saboda haka canza shi aikin mai gyara ne. Kada ku yarda a maye gurbinsa da waya mai kauri ko takardar kwalin taba mai sheƙi. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe. In an sa sabon fis ya sake tsinkewa nan take, akwai wata cuta a ciki da ke tsinke shi.

2. Masu aiki da batir da sola

A ƙauye, yawan matsalar daga batir take. Batir mai bolt 12, in ya cika kuma ya huta, yakan nuna bolt 12 da rabi ko ɗan fiye a ma'auni. In ya sauka ƙasa da 12, ya yi rauni. Alamarsa a tsohon akwati ita ce hoto ya tsuke, baƙi ya bayyana a gefuna, haske ya ragu, daga nan ya ɗauke. Wannan ba lalacewa ba ce, yunwa ce. Caji yake so.

Ku duba kawunan batir. In farin gari ko kore ya taru a kansu, ku cire wayoyin, ku goge har ƙarfe ya fito, ku mayar ku ɗaure sosai. Jar waya tana zuwa wurin alamar ƙari (+), baƙa tana zuwa wurin alamar ragi (-). Juya su sau ɗaya tak na iya ƙona akwati.

Lokacin hunturu ƙura kan rufe farantin sola, sai cajin ya ragu. Ku riƙa goge shi da safe da tsumma mai laushi, kafin rana ta yi zafi. Batir mai ruwa kuwa, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ba na rijiya ba. Ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata da ido. Yayin caji yana fitar da iska mai kama wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko taba.

Masu janareta su bari injin ya tashi ya daidaita kafin su kunna akwati, su kuma kashe akwati kafin su kashe injin.

3. Akwati ya kama, amma sai yayyafi da shuuu

In gilashi ya cika da ɗige-ɗige baƙi da fari, murya kuma sai shuuu, wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangare: gilashin da wutar ciki lafiya lau suke. Tashar ce ba ta isowa.

Ku duba wayar eriya a bayan akwati, ko ta saki. Ku bi ta har waje. Rana kan busar da robarta ta tsage, ruwan damana ya shiga, tsatsa ta kama mahaɗinta. Iskar farkon damana kuma kan juya eriya. Mutum ɗaya ya riƙa juya sandar a hankali, wani yana kallon hoto yana faɗa masa.

A nan akwai gargaɗi. Kada a kafa sandar eriya kusa da wayoyin lantarki na titi. Ku auna da ido: in sandar ta faɗi, za ta iya taɓa su? In za ta iya, a canza mata wuri. Ba a hawa soro gyaran eriya in hadari ya haɗu.

Ku sani kuma, yadda ake watsa shirye-shirye ya sake. Ƙasashen Afirka da na Turai sun yi yarjejeniya a birnin Janiba a shekarar 2006 cewa za su bar tsohuwar hanyar watsawa su koma sabuwa, wadda a Nijar ake kira TNT. Tsohon akwati ba ya gane sabuwar hanya shi kaɗai. Tashar da ta koma can, komi kyan eriyarku ba za ku gan ta ba sai da ƙaramin akwatin da ake kira dikoda. Kada a yar da lafiyayyen talabijin saboda wannan.

4. In kuna da dikoda

Dikoda ta eriya ce ko ta farantin tauraron ɗan adam, yawanci da waya mai kai uku ake haɗa ta da tsohon akwati. Rawaya ta hoto ce. Ja da fara na murya ne. Kowace tana shiga rami mai launinta. In akwatin rami biyu kawai gare shi, rawaya da fari, sai a bar ja a sake.

Bayan haɗawa, dole a danna maɓallin da aka rubuta wa AV. In gilashi ya yi shuɗi ko baƙi babu hoto, sau da yawa wani ne ya taɓa wannan maɓalli. In hoto na daskarewa yana rarrabuwa gida-gida, alamar tashar ce ta yi rauni: faranti ya goce, ko waya ta saki, ko ruwa mai ƙarfi ake yi. Na ruwan sama yakan wuce da kansa.

5. Akwai hoto babu murya, ko akwai murya babu hoto

In babu murya, ku duba ko an danna maɓallin shiru a rimot, ku ƙara murya a talabijin da dikoda duka biyu, ku duba farar waya da ja. In babu hoto, ku ƙara haske, domin yara kan rage shi har ƙarshe, sannan ku duba rawayar waya. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce ku danna maɓallin da ke fito da rubutu ko lamba bisa gilashi. In rubutun ya fito, gilashin lafiya yake, sau da yawa laifin na waje ne. In ko rubutun bai fito ba, sai mai gyara.

6. Launi ya ɓace ko ya ɓaci

Tsohuwar hanyar watsa launi a Nijar ana kiran ta SECAM, ta Najeriya kuwa PAL. Shi ya sa a da, wanda ya sayo akwati a Kano ko Katsina, in ba mai gane hanyoyin biyu ba ne, yakan iso Maraɗi ko Damagaram ya ga hoto baƙi da fari, wani lokaci ma babu murya. Yau ma irin wannan kan faru tsakanin dikoda da tsohon akwati. Kafin ku ce launi ya mutu, ku sa wanda ya iya karanta rubutun dikoda ya gwada canza tsarin hoton, ya duba na akwatin ma.

In kuma wani gefe na gilashin ya yi tabo kore ko shunayya, ku duba abin da ke kusa. Lasifika tana da maganaɗisu a cikinta, shi ke karkatar da launi. Ku janye rediyo ko lasifikar nesa. Ku kashe akwatin, ku zare waya, ku bar shi rabin awa ya huce, sannan ku kunna. Akwati mai launi yana da abin da ke share irin wannan tabo duk lokacin da aka kunna shi yana sanyi. A yi haka sau biyu ko uku. In tabon bai gushe ba, mai gyara yana da abin share shi.

7. Rimot ya ƙi

Ku sa sababbin ƙananan batura biyu, kada a haɗa tsoho da sabo. Ku goge tsatsar da ke wurin zamansu. Ga wata dabara: ku buɗe kyamarar wayar hannu, ku nuna mata kan rimot, ku danna maɓalli. Ido ba ya ganin hasken rimot, amma kyamarar wayoyi da yawa tana ganinsa. In kun ga ɗan haske na ƙiftawa, rimot yana da rai.

Alamun da ke cewa a kashe nan take

Waɗannan ba na gida ba ne. In kun ga ɗaya daga ciki, ku zare waya daga bango, kada ku sake kunnawa don gwaji.

Na ɗaya, layi guda mai haske ƙwarai ya gitta tsakiyar gilashi, sauran duk baƙi. Sashen da ke shimfiɗa hoto daga sama zuwa ƙasa ne ya tsaya. Sau da yawa gyaransa ba shi da wuya. Amma in aka bar layin yana ci, zai ƙona gilashin ya bar tabon da ba ya fita.

Na biyu, ƙauri, ko hayaƙi, ko ƙarar tartsatsi daga ciki. An fi jin wannan da damana, lokacin da ƙurar da ta taru ciki ta sha laima, babbar wutar nan ta sami hanyar tsallakewa.

Na uku, akwatin da sai an mare shi yake kamawa. Darmar da ta liƙe kayan ciki ce ta tsage saboda zafi da tsufa. Kowane mari yana ƙara tsagar. Mai gyara zai sake liƙe ta.

Na huɗu, akwatin da ke daɗewa kafin ya tashi, ko yake kashe kansa, ko yake ƴar ƙara kyat-kyat bai kama ba. Yawanci wasu ƙananan kaya masu riƙe wuta ne zafi ya busar. Canza su da wuri ya fi arha bisa jiran su jawo wata ɓarna.

In wuta ta tashi, a fara yanke lantarki. Ba a watsa ruwa bisa abin da ke jone. A yi amfani da rairayi. In wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. Ku yanke wutar, ko ku ture shi da busasshen icce. In ba ya numfashi, wanda ya koyi danna ƙirji ya fara nan take. Ko da ya tashi ya ce lafiya lau yake, a kai shi gidan likita, domin lantarki na iya taɓa zuciya ba a gani a waje ba.

Zuwa wurin mai gyara

Ku da kuka koyi rubutu, ga wurin da zai yi muku rana. Ku rubuta abin da kuka gani a takarda: yaushe ya fara, akwai murya ko babu, akwai hoto ko babu, an yi tsawa ko wuta ta ɗauke ta dawo kafin ya lalace. Bayani mai kyau yana rage wa mai gyara lalube, yana rage muku kuɗi.

A ɗauki akwatin mutum biyu. A shimfiɗa bargo a ƙarƙashinsa, a ɗaure shi sosai, kada bayansa ya bugi komi. Ku ce a duba a faɗa muku kuɗin kafin a fara aiki. Ku nemi a ba ku kayan da aka cire. Ku sa a kunna a gabanku, ya ɗan jima yana aiki har ya yi ɗumi, domin wata cutar sai da zafi take fitowa.

Yaushe gyara ba shi da amfani?

In hoto ya dusashe ko da an ƙure haske, launi ya rinjaya gefe guda, fuskokin mutane ba sa fita sosai, mai yiwuwa gilashin ne ya tsufa. An daina ƙera irinsa, sai dai a ciro daga wani tsohon akwati. Ku yi lissafi. Tsohon akwati matsakaici yakan ci wat 60 zuwa 100, sabo marar kauri mai irin girmansa yakan ci rabin haka ko ƙasa. Ga mai sola, wannan bambanci ne babba, domin batir zai fi daɗewa kowane dare. Amma in waya ce ko darma ko ƙananan kaya, gyara ya fi.

Akwatin da ya mutu kuwa, kada a bar wa yara su fasa shi. Gilashinsa yana ɗauke da darma da yawa, a babban akwati takan wuce kilo guda. Darma guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa fahimta da jini. A shekarar 2010 ƙurar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400 a jihar Zamfara ta Najeriya. Ta gilashin talabijin tana ɗaure muddin bai fashe ba, amma in an farfasa shi an zubar, a hankali take shiga ƙasa. Manoma masu kwasar bola zuwa gona su tsince irin wannan gilashi da tsofaffin batura kafin su watsa taki. Kada a ƙona robar akwati ko wayoyinsa don ciro jan ƙarfe, hayaƙin yana cutar ƙirji. A kai wa mai gyara shi ɗungum, zai sami abin amfani a ciki.

Rigakafi ya fi magani

Ku bar tazarar taƙi guda tsakanin akwati da bango, don iska ta shiga ramukansa. Ku rufe shi da zane saboda ƙura, amma sai bayan an kashe ya huce. Kada a ɗora kofin ruwa ko fitilar kananzir a kansa. In hadari ya taso, ku zare wayar wuta da ta eriya duka biyu tun kafin a fara tsawa. In lantarki ya ɗauke, ku zare waya, ku jira ya dawo ya zauna. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, na'urar daidaita wuta tana taimakawa. A ajiye akwati bisa tebur mai faɗi da ƙarfi, domin nauyinsa a gaba yake, yaro mai rarrafe na iya jawo shi kansa.

Jama'a, ku karanta wa maƙwabtan da ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Ku tuna jerin: wuta, waya, eriya, maɓallai. In waɗannan huɗu lafiya suke, ku bar ƙusoshin baya yadda suke, ku nemi mai gyara. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.